Lemu Biyu Kafin Feshi

Shekarar da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ƙofar gidanmu ta ƙarfe ta ci tsatsa har ƙasanta ya fara ɓurmawa. Wata safiya na ji ana kankara a waje. Na leƙa, sai ga Mai Fenti a tsugune da samfefa a hannu. Na ce ban kira shi ba. Ya ce, "Hajiya, ƙofar ce ta kira ni. Kullum na wuce sai ta yi mini kuka." Ya goge ta tas, ya shafa jan fentin nan da ake fara sawa don tare tsatsa, washegari ya bi da kore. Ko ruwa bai sha mini ba.

Shagonsa yana ƙarshen layinmu, rumfar kwano mai taga ɗaya tak can sama. Ya fi shekara ashirin yana feshin ƙofofi da gadajen ƙarfe da kujerun makaranta. Idan ya tayar da injin, tururin fenti yakan cika rumfar har ba a ganin komai sai inuwarsa. Gemunsa kullum da launin aikin ranar. Yana da takunkumi mai tace iska, yana sawa yana mita, wai dafa masa fuska yake yi.

'Ya ɗaya gare shi, ya karantar da ita har ta zama ma'aikaciyar jinya. Shi dai Likita yake ce mata tun tana firamare. Wani hutu da ta zo, ina gidansu ina taya mahaifiyarta ɗinki, sai ta raba tuffa biyu, ta matsa wa ɓari ɗaya lemon tsami, ta bar ɗayan haka. Kafin mu idar da la'asar wanda aka bari ya yi duhu, ɗayan yana nan fari.

Ta ce, "Baba, ka gani? Iskar da ke cin ƙarfenka ita ta ci wannan. Jikin mutum ma haka ne. Muna shaƙar iska mu rayu, amma garin aiki da ita jiki yana fitar da wasu 'yan abubuwa masu cin nama a hankali. Hayaƙi da tururin fenti suna ninka su. Allah kuma ya sa abin da ke tare su a cikin lemu da tumatir da karas da ganye."

Ya buga cinya. "Ashe jan fenti ne! A shafa a ƙasa, tsatsa ta rasa hanya."

"Kusan haka. Amma Baba, kariyar tana da iyaka. Idan dafin ya yi yawa..."

"Likita, ni za ki koya wa tsatsa? Tun ba a yi auren uwarki ba nake kokawa da ita."

Muka yi dariya, har da ita. Hutu ya ƙare ta koma garin da take aiki.

Daga ranar, kafin ya tayar da injin sai ya zauna a benci ya sha lemu biyu, ya bi da ɗanyen tumatir. Takunkumin kuwa ya rataye a ƙusa. A sana'arsa, ƙarfen da ya sha jan fenti da kyau ana iya barinsa a ruwan sama ba fargaba, kuma haka ya ɗauki ƙirjinsa. Sau ɗaya na tsaya na ce, "Mai Fenti, takunkumin fa?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Na shafa na ciki, Hajiya." Na yi shiru na wuce, ina ganin ba hurumina ba ne. Har yau ina neman gafarar Allah a kan shirun nan.

Shekara huɗu aka yi a haka. Da tari ya fara, sai ya mayar da lemun huɗu, kamar yadda ake ƙara shafi idan na farko bai rufe ba. Aka kai lokacin da ba ya isa masallaci sai ya dafa bango sau biyu a hanya. A asibiti suka ce huhunsa ya ƙandare, abin da ya lalace kuma ba ya dawowa.

'Yar ta zo. Ta shiga shagon ɗauko masa hularsa, ta tarar da takunkumin a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsa. Ta tambayi mahaifiyarta, aka gaya mata dalili. Ba ta yi kuka ba. Ita ke juya shi, ita ke goge masa baki, ita ke duba tukunyar iskar da aka sa masa, amma idonta kullum a ƙasa.

Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi. Allah ya yi masa rahama.

Ana saura kwana biyu ya rasu na je duba shi. 'Yar ta fita karɓo magani. Ya yafuto ni, na matso, yana magana yana hutawa.

"Hajiya, yarinyar nan ta ƙi kallona. Gani take maganarta ce ta kwantar da ni. In na ce a'a, za ta ce lallashi ne na uba. Ke kina wurin. Kin ji ta ce akwai iyaka, kin ji na katse ta. In na tafi ki gaya mata. Ba za ta yarda da wuri ba, taurin kaina ta ɗauko. Duk zuwan da za ta yi, don Allah ki sake gaya mata."