Zanen hannuna ne, na ce ban sani ba

Wallahi 'yan uwa, ku ji abin da ya same ni yau.

Ɗazu ina cikin yi ma wata lalle a shagona nan Dutsin-Ma, sai ga mutum biyu, wai 'yan kwamitin bincike. Maganar Baturiyar nan 'yar jarida ce, wadda ta ce jami'ai sun ɗaure ta. Jami'an kuma sun rantse ba ta taɓa taka garin nan ba.

Babban ya miƙo mani hoto. Hannunta ne, ga shatin igiya. Sama da shi kuma fulawar lallen da na zana mata ce mai karkataccen ganye, wadda kuke mani tsiya a kanta.

"Malama, kin san wannan zanen?"

Zan buɗe baki kenan direbansu ya leƙo. Shi ne fa ya tura Baturiyar cikin mota da ƙarfi a gabana ran nan!

Ya yi murmushi. "Hajiya ƙarama, ya jikin Inna? Tana nan Wurma, ɗakin bakin rijiya?"

Ban taɓa gaya ma kowa a garin nan inda Innata take ba.

Na ce, "Yallaɓai, masu lalle ai da yawa."

Allah Ya yafe mani. Don Allah da ku ne, me za ku ce?