Na 'Yan Gida Kaɗai

Mijina mutum ne mai bin doka har abin yakan ba ni haushi. Ko takardar cikin kwalin magani sai ya karanta ta tas kafin ya sha. Da ya sayo manhajar koyon tuƙin jirgin sama ya sa a kwamfutarsa, sai da ya zauna ya karance sharuɗɗan lasisinta. Ya ce min an yarje a yi amfani da ita a gida kaɗai, ban da haya, ban da makaranta. Na ce to, malam matuƙi, kai da kullum kake maƙale a cunkoson Madalla.

A gidan hayarmu na Suleja akwai wani dattijo ɗan Anaca mai sayar da kayan gyaran mota a Gauraka. Matarsa, wadda yake ce wa Mama, ta rasu, 'ya'yansa sun watse, ƙafafunsa kuma sun daina ɗaukar doguwar tafiya. Baba muke ce masa. Ran Asabar yakan shigo falonmu ya zauna yana kallon mijina yana tashi da jirgi ta kan Dutsen Zuma.

Wata rana mijina ya miƙa masa sandar tuƙin, amma bakinsa bai iya shiru ba, sai da ya ambaci sharaɗin nan. Baba ya janye hannunsa a hankali.

"Oga, bar shi. Ni ba ɗan gida ba ne, kar in ɓata maka lasisi."

Na harari mijina harara mai kyau. Shi kuma ya auna maganar da gaske, don ba ya faɗin abin da bai yarda da shi ba.

"Baba, ƙofa ɗaya muke shiga, rijiya ɗaya muke sha. Yaranmu kakansu suke ce maka. Na karanta takardar, kana ciki. Riƙe."

Ya riƙe da hannu biyu. Jirgin ya yi ta tangaɗi, muna dariya. Sai ya tambaya ko abin nan ya san hanyar kudu. Mijina ya saita masa. Da babban kogin da ke Anaca ya bayyana a allo, da gada a kansa, Baba ya matso da fuskarsa.

"Can bayan gadar na binne Mama," ya ce. "Oga, kar ka saukar da ni tukuna. Bari in ƙara zagayawa."