Yadda Birki Ya Yi Cinikin Bakinsa Da Allah

A tasha Birki ake ce masa, ba don ya iya taka birki ba, sai don bakinsa ba shi da shi. Direban bas ne tun gashinsa na baƙi. In wani ya sha gabansa a titi, sai ya leƙo ta taga ya bi dangin mutum ɗaya bayan ɗaya har kakan kaka, fasinjoji na toshe wa 'ya'yansu kunne. Amma ranar Lahadi ba ya fashin coci. Layin gaba yake zama da farar rigarsa, "amin" ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi.

Addu'arsa kuwa ciniki ce zalla. Yadda yake taya tsohuwar taya a wurin mai faci, haka yake yi da Ubangiji. In mota ta mutu a kan tudu, sai ya dafa sitiyari ya ce, "Ya Uba, in ta tashi na bar taba." Tana tashi sai ya kunna sigarinsa, ya ce ai fasinjoji ne suka tura, wannan ba aikin sama ba ne. Ya taɓa alkawarin shiga ƙungiyar mawaƙa in 'yan sanda suka sake shi, suka kuwa sake shi. Ya je ya buɗe murya, shugabar mawaƙa da kanta ta roƙe shi ya ɗauka an yafe masa.

Matarsa, wadda yake kira Uwargida ko da yake ita kaɗai gare shi, takan ce, "Baban yara, wata rana Allah zai kama ka da maganarka."

"Ai mun saba da juna," in ji shi.

Sai ga ciwon ciki ya kayar da ita, likita ta ce sai an yi aiki, kuma ba ta ɓoye masa cewa abin da hatsari ba. Aka tura ta ɗakin tiyata aka rufe ƙofa. Birki ya zauna a benci ƙarƙashin wata fanka mai juyawa ba iska, zama ya gagare shi, ya durƙusa kusa da kwandon shara. Ya lalube kansa kamar mai neman makulli, me zai miƙa? Taba dai ya sha miƙa ta har ta zama abin kunya. Giya ba ya sha. Abu ɗaya ya rage wanda yake so har ransa.

"Ya Uba, yau ba wasa. Ka maido mini da matar nan, ni kuma na bar zagi har in mutu."

Ya buɗe baki zai ƙara da cewa ban da masu babur, sai ya tuna wadda ke kwance bayan ƙofar, ya haɗiye.

Uwargida ta tashi. Ya so ya ɗora abin a kan gwanintar likita, likitar ta ce, "Ni yanka na yi na ɗinke, Allah za ka gode wa." Ba fasinjan da ya tura.

Ranar da ya koma aiki, tun kafin rana ta take gumi ya jiƙe shi. Mai babur ya gifta gabansa, ya cika baki da iska, ya sauke. Wata tsohuwar fasinjarsa ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Direba, ko ba ka da lafiya ne?" Ya koma danna ham har ham ɗin ya dishe. Daga nan ya fara aron kalmomi daga wa'azi. "Bafarisiye," wato munafuki, yake jefa wa masu tasi, ya ce abin da ya fito daga bakin Fasto ba ya zama zagi.

Da abin ya ishe shi, ya tafi neman ragi. Ya tarar da Fasto a bayan coci yana buga wa wata kujera ƙusa.

"Fasto, ana rage alkawari?"

Fasto ya ji labarin duka, ya ajiye guduma. "Wa ya aike ka? Ɗa ke ciniki da ubansa? Da ka roƙa kawai. Kana tsammani zaginka ne ya ba shi sha'awa? Ya kai shi ina?"

Fuskar Birki ta washe. "Ke nan an warware?"

"A'a. Bai nema ba, amma ka faɗa. Kai ka ɗaure kayan, kai za ka ɗauka."

"To, Bafarisiye fa?"

"A bakinka, shi ma ashar ne."

A gida ya gaya wa Uwargida, ta yi dariya tana riƙe wurin ɗinki. "Wasu na alkawarin gina coci, ni duk darajata ashar ce?"

"Abin da na fi so na bayar, Uwargida."

Ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba, dariyar ta tsaya. Ta tura masa sauran shayinta.

Ya riƙe alkawarin, in ban da ɗan suɓutar baki nan da can, wanda yakan ɗaga kai sama ya ce tuntuɓe ne. Bai dai sake yin wani ba, ya ce wanda ake cinikin da shi ba ya mantuwa. Da idanunsa suka fara hazo, roƙo kawai ya yi, bai miƙa komai ba. Idanun ba su warke ba, ya ajiye makulli.

Dattawan coci suka ga bai kamata gwani ya zauna haka ba, suka ba shi aikin jera motoci a harabar coci. Nan yake tsayawa duk Lahadi, yana kallon tuƙin masu bi. Kwanan baya matar Fasto ta yi baya da motarta, yana ɗaga mata hannu tana ƙara wuta, har ta hau tukunyar fure ta murƙushe. Birki ya runtse ido, ya danne zagin da ya taso masa. Can ya sunkuya ta taga.

"Mama," ya ce, "Allah ya ƙara basira. Kawo makullin."