Ranar da Na Tsallake Matata da Jirgin Ƙyalle

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke rubutowa a wannan shafi, yau na ce bari in sauke nawa kayan, ko Allah zai sa wani ya gane abin da ni har gobe ban gama ganewa ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ni tela ne a Madarumfa, matashi da ɗan keken ɗinkina a rumfar bakin kasuwa, ga surutu kamar rediyo. Na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci daidai na gaisuwa da ciniki, wannan kuwa ya sa nake ganin kaina wayayye a cikin abokai. A gidanmu nake zaune, ni da mahaifiyata da matata. Matar tawa shiru-shiru ce, irin wadda sai ka matsa mata da tambaya kafin ta ce tana jin yunwa. Ta sha ɓari a baya, sai a wannan shekara Allah ya sa ciki ya zauna har ya fito, duk gidan muna lallaɓa ta, ko tulu Inna ba ta bari ta ɗauka.

Bayan girbi wani anasara da ke aikin rijiyoyi a Maraɗi ya fara zuwa bakin tafkin garinmu ranar Lahadi da wani ɗan jirgin sama a bayan mota. Abin ba ƙofa ba rufi. Kujeru biyu ne gaba da baya, ƙananan tayoyi irin na baro, inji a baya mai ƙara kamar na niƙa, sai fiffike na ƙyalle da aka ɗame a jikin sandunan ƙarfe. Ba wani aiki yake yi da shi ba, nishaɗi ne kawai. Yakan tashi daga wata saura da aka share, ya zaga tafki, ya sauko yana dariya shi kaɗai, mu kuwa muna cewa ƙoshi ne ke damunsa. Wata rana ƙaya ta yaga masa gefen ƙyallen, aka kawo shi rumfata na ɗinke. Da ya ga ɗinkin ya yi, sai ya ce in zo Lahadi mai zuwa ya ɗauke ni. Ban shawarci kowa a gida ba na ce to.

Ba zan ɓoye muku ba, da aka kifa mini hular kwano aka ɗaure ni da kujera, sai da na yi kalmar shahada. Da muka rabu da ƙasa sai ga iska na dukan fuskata, ƙafafuna na lilo ba abin takawa. Da na samu na buɗe ido sai na ga garin da aka haife ni ya zama baƙo. Tafki na gane shi, da kwale-kwalen masunta, amma gidaje duk iri ɗaya, katanga, rumbu, bishiyar dogon yaro. Jirgin ya karkata nan ya karkata can har na rasa gabas da yamma. Can na hango wani gida mai rumbuna biyu da dogon yaro a tsakiya, ga mace kwance kan tabarma da zane shuɗi irin na matata. Muka bi ta kanta daidai. Na yi ta ihu ina nunawa, anasara ya gyaɗa kai, ko da yake na san bai ji komai ba.

Da muka sauka mutane suka yanyame ni, kaina ya kumbura. Na ce na ga Maraɗi, na ga Najeriya, na kuma bi ta kan gidanmu har na ga matata kwance a tsakar gida, mun wuce ta kanta kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Aka yi ta shewa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ce kawai ba ta yi dariya ba, ta rufe kwanonta ta tafi. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Inna ba ta amsa mini sallama ba. Ta tambaye ni ko hankalina na bari a sama, da zan tsallake mace mai ciki, cikin da aka daɗe ana roƙon Allah a kansa. A wajenmu an ɗauka cewa in ka tsallake mutum yana kwance, sai ka koma ka tsallake shi ta inda ka sauka zuwa inda ka taso, in ba haka ba yaro ba ya girma, mai ciki kuma haihuwa ta zo mata da gardama. Na yi dariya na ce ai jirgi ne ya wuce, ba ƙafata ba. Ta tambaye ni ko a ƙasa na bar ƙafar tawa da zan hau. Na juya ga matata na ce ta yi magana, ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da Inna ta ce shi ke nan.

Na je wurin malaminmu, ya ce camfi ne, ba shi da tushe a addini, in yi addu'a in bar wa Allah. Na fito zuciyata wasai. Ina shiga gida na ga fuskar Inna da shirun matata, sai komai ya dawo sabo. A rumfa kuma abokai suka sa ni gaba da tsiya, wai tunda mu biyu muka tsallake, in shirya karɓar jariri mai idon mage. Da safe in tashi ban yarda da zancen ba, da yamma in same ni ina lissafin yadda za a warware shi. Daga ƙarshe na ce in dai komawar ce za ta kawo kwanciyar hankali, ai ba a rasa komai ba.

Na samu anasara na yi ta fama da guntun Faransancina har da kwatance da hannu. Ya yi dariya har da hawaye, da ya ga ni ba na dariya sai ya ce to, amma sai iska ta yarda. Daga nan wata rigimar ta taso, ta ina muka bi a karon farko? Masunta suka ce daga tafki muka shigo gari. Matan unguwa suka rantse daga hanyar ƙauyen Safo suka ji ƙarar. Aka tambaye ni, ni da ke ciki, na kasa faɗa. Inna ta yanke hukunci ta bi maganar masunta, ta ce mu taso daga gari mu nufi tafki.

Ranar Lahadin da aka tsayar aka shimfiɗa jan zane a kan rumbu don mu gane gidan, aka kwantar da matata a fili, ba a inuwa ba, don kada itace ya shiga tsakani. Iska ta ƙi kwanciya da safe, anasara ya ce ba zai tashi ba sai ta lafa. Ni ina bakin tafki ina jira, ban san Inna ta hana matata tashi daga cikin rana ba, wai kada jirgi ya zo ba ta wurin. Sai gab da la'asar muka tashi. Na hango jan zanen, amma gidan ba a inda idona ke nemansa yake ba. Ga masallaci a gefensa wanda ban tuna na gani a karon farko ba. Na ce wa raina ai don ta baya muka ɓullo ne. Muka sauko ƙasa-ƙasa, na ga inuwarmu ta bi ta kanta, na ga ta rufe fuska da hannu biyu.

Anasara bai sake zuwa ba, aka ce aikinsu ya ƙare. Matata kuwa ta kwanta da zazzaɓi, ta daina cin abinci, ko injin niƙa aka tayar sai ta zabura. Iyayenta suka zo suka tafi da ita Safo. Haihuwa ta zo tun lokaci bai yi ba, ɗa namiji, bai kai ranar suna ba. Ungozomar asibiti ta ce zazzaɓin sauro ne da ƙarancin jini, ga damuwa. Malam ya ce kwana ne ya ƙare. Inna ta ce da maganar matan unguwa muka bi da ba haka ba, ta yi ta kuka tana cewa ita ta kuskure hanya.

Bayan matata ta dawo, wata rana tana tankaɗe ina zaune kusa, ba ta ko dube ni ba ta ce a ranar farko ba ta tsakar gida. Tana ɗaki tana ninke kaya, ƙarar kawai ta ji. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce na riga na faɗa a gaban gari, in ta musa za a ce mijinta maƙaryaci ne, ko a fara tambayar matar wa ya leƙa daga sama. Ta ga kwanciya kan tabarma abu ne mai sauƙi. Amma da inuwar nan ta bi ta kanta, sai ta ji a jikinta cewa yanzu ne aka tsallake ta da gaske, kuma ba mai dawowa ya warware.

Har yau na kasa tsayar da abin a wuri ɗaya. Na yarda da malam, na yarda da ungozoma, ban kuma ga laifin Inna ba, don tsoron rasa jika ne ya sa ta. Abin da na tabbatar kawai shi ne bakina ya faɗi abin da idona bai tabbatar ba, kuma ban taɓa jan matata gefe na tambaye ta ita kaɗai ba. Ina jan hankalin maza, musamman masu son a san sun je sun gani: kada ku sa iyalinku a cikin labarin da kuke burge mutane da shi. Wanda Allah ya ba mace mai kunya kuma, ya sani shirunta ba amincewa ba ne, ya tambaye ta inda ba kowa.

Muna tare har yanzu, Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, sun girma. Amma ko babban jirgi ne ya wuce can ƙololuwa, in tana tsakar gida sai ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuma sai in tsinci kaina na ɗaga kai, ina lura da ta inda ya fito da inda ya nufa.