Ranar da Kawu Ya Ji an Ce Ya Tsufa

Jiya a tasha wani ya daka wa shofer, wato direba, tsawa cewa ya ja baya, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Wata shekara muka ɗauki baƙi 'yan Sulobakiya zuwa Iferwan, yana tuƙi, ina tafinta. Yana ta zuba labari, bai lura mun nufi bakin kori, wani busasshen rafi mai zurfi ba. Baƙin suka ruɗe, suka koma yarensu: "Tsubai! Tsubai!"

Kawu ya take birki, ya juyo a fusace. "Wa ya tsufa? Ni?"

Ashe a yarensu "ja baya" ke nan. Fushin nan ne ya cece mu.

Tun daga ranar, in Inna, matarsa, ta ɗaga murya, sai ya raɗa mini "tsubai", ya sulale waje.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa.