Yadda Muka Kori Golanmu

A shekarun da na zauna a Guangzhou ina turo wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano kaya, muna da ƙungiyar ƙwallo ta ranar Lahadi. Yawancinmu 'yan kasuwar unguwar Xiaobei ne masu tumbi, gudun minti goma sai mu nemi canji. Ɗan ƙwallon gaske ɗaya ne a cikinmu, golanmu, wani dogon Bakano mai aikin kago, wato jigilar kaya. Ya taɓa buga wa wani kulob a gida, ya baro bai faɗa wa kowa dalili ba.

Wata rana ɗan bayanmu ya ari wayarsa zai kira dillali, ya karanta saƙon da ba nasa ba. Kafin la'asar duk Xiaobei ta ji cewa gola maza yake nema.

Kyaftin ɗinmu wani Alhaji ne mai iyali a Kano, da kuma wata tafinta a unguwar Sanyuanli wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Shi ya kira taro a gidan cin abinci don kare tarbiyya. Muka ci taliya da naman rago, muka amince baki ɗaya a kore shi. Sai wani ya tuna ranar Lahadi da 'yan Gana za mu kara. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce korar za ta fara aiki ranar Litinin.

Cikin makon na haɗu da gola a tashar jirgin ƙasa. Ya rame, idonsa ja.

"Yaya, ka ji, ko?"

"Na ji," na ce.

"Haka aka yi min a kulob. Har kofin shan ruwa aka ware min. Tun lokacin, in na tsaya a raga ba ƙwallo nake kallo ba, fuskokin 'yan bayana nake kallo. Kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce min wuya."

Na ce Allah ya kyauta, na faɗa jirgin da ya tsaya. Ba ma hanyata yake bi ba.

Ranar Lahadi muna gaba da ci ɗaya, 'yan Gana suka samu fanareti a ƙarshen wasa. Gola ya tashi sama ya kama. Muka kwasa da gudu muna ihu, saura taku uku mu rungume shi muka tuna, muka ci birki. Ɗan bayanmu da birki ya ƙi kama masa sai ya rungumi ƙarfen raga. Alhaji ya ɗaga hannu daga nesa: "Sannu da ƙoƙari, Malam."

Gola ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya cire safar hannu, ya ninke, ya ajiye a kan ciyawa, ya fice daga filin.

Mako na gaba Alhaji ya tsaya a raga, 'yan Nijar suka zura mana bakwai. Kwamiti ya zauna ya gano laifin ciyawar roba ne. Daga baya na ji gola ya koma yankin Nansha da aiki, wai ko a talabijin ba ya kallon ƙwallo.