Inna Ba Ta Taɓa Kiran Sunana Ba

Idan na taso daga aiki na biyo ta bakin titin Kankia, inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa, akwai wata mata da ke suyar gyaɗa a cikin yashi. Da ƙanshin ya bugi hancina sai in gan ni a tsakar gidanmu na Kusada, Inna na durƙushe gaban kasko tana juya gyaɗa, hayaƙi na shiga idonta tana sharewa da bakin zane. A da nakan shaƙi ƙanshin in wuce abina. Tun bara kuwa kunya ce ke fara kama ni, kuma zan gaya muku dalili, ko da yake ba labari ne da zai ƙara mini daraja ba.

Masu cewa mu ma'aikatan yanzu ne muka fara haɗa aiki da reno ba su ga Inna ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da kaka, in an cire gyaɗa, gidanmu ba ya rabuwa da ɓawo da toka. A ɓare, a soya, a murje, a kai inji, a dawo a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Sannan a matse, a mulmula, a soya ƙuli. Ranar kasuwar Kusada kuwa ko ruwa a tsaye take sha. Duk da haka tuwo bai taɓa makara ba, kuma da goyo a bayanta take yin rabin aikin.

Ni ce 'yar farinta, kuma a gidanmu ana yi wa ɗan fari alkunya sosai. Yaran yanzu ba su san wannan ba, bari in faɗa musu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ma tsayar da ido a kansa. In ta yi, sai a ce ba ta da kunya. Inna ta riƙe wannan al'ada da hannu biyu. Ƙannena tana kiran sunansu, ta zage su, ta yi musu dariya. Ni kuwa sunana a bakinta "yarinyar nan". Ko aike za ta yi mini, sai ta kalli bango ta ce a je a ɗebo ruwa, ni ce zan gane da ni ake. In magana ce mai muhimmanci, sai ta bi ta bakin kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke ce wa Iya, don a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni.

Na tuna wata shekara da muka je roron gyaɗa a wata gona ta wajen ƙauyen Boko. Na cire takalmina saboda ina ganin yana rage mini sauri, ƙaya ta shige mini a dunduniya ta karye a ciki. Na ɓoye, don an hana mu tafiya ba takalmi. Na daure ina takawa daidai, ina ganin na iya wayo. Washegari da hantsi Iya ta kira ni, ta ce in miƙo ƙafata ta hagu. Ta sa allura ta cire ƙayar, ta shafa mini man kaɗe. Na yi ta mamakin yadda tsohuwar da ko zare ba ta iya sa wa allura ta gano abin da na ɓoye. Ban taɓa tambayar kaina wa ya gaya mata ba. Haka ranar da na fara ganin al'ada, kafin in buɗe baki na tarar da tsumma mai tsabta a ninke ƙarƙashin tabarmata, Gwaggo, 'yar'uwar Baba, kuma ta zo takanas daga gidanta ta koya mini wanka. Ita ma Gwaggo na gode wa.

Abin da na riƙe a raina shi ne abin da ba a yi mini ba. Ina aji biyar na firamare na zo ta ɗaya. Na sheƙo gida da gudu da katin sakamako, na tarar da Inna da maƙwabta uku suna matsar mai. Na san ƙa'ida sarai, amma farin ciki ya ɗebe ni, na tura mata katin har gaban fuska. Ta kawar da kai, ta ce wa matar da ke kusa da ita, "A ce ma yarinyar nan tuwonta na ɗakin Iya." Matan suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce 'yan boko ba su da ta ido. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce da ƙarfi, "Ni dama ba ni da uwa a gidan nan!"

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin ƙullin gyaɗa, mai na bin yatsunta yana ɗiga. Ba ta ɗago ba. Can sai ta ci gaba da matsa. Ba wanda ya dake ni, ko Baba bai yi mini maganar ba, kuma da an dake ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar na yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya ba ni 'ya, zan kira sunanta har maƙwabta su gaji da ji.

Na cika alkawari kuwa. Na yi karatun kiwon lafiya, na yi aure a Kankia, na sami aiki a wani ƙaramin asibiti inda nake awon jarirai da allurar rigakafi. Allah ya ba ni 'ya mace ta fari, na ƙi yi mata alkunya ko ta kwana ɗaya. Ina kiran sunanta, ina rungumarta, ina sa hotonta a waya duk ranar da ta ƙara shekara. Surukata ta yi gunaguni har ta haƙura. Ni kuwa ina jin kaina, ina ganin na fi Inna iya zama uwa.

Amma ku duba yadda yinina yake. Da asuba in dafa abin kari, in shirya ƙananan, in fita da gudu. In yini ina duba 'ya'yan mutane, ina yi wa iyayensu faɗa kan sakaci. In dawo bayan la'asar a gajiye, ga girki, ga wanki, ga waya na ta ƙara. Sunan 'yata yana bakina sau hamsin a rana, amma kusan duk na aike ne. Ɗauko kaza, sauke kaza, kama ƙaninki.

Da ta shiga aji uku na ƙaramar sakandare, tana shekara goma sha huɗu, sai karatunta ya fara ja da baya. Littattafanta duk rubutu rabi-rabi. Na ce wasa ne, na hana ta taɓa wayata. In ana kallo sai ta matsa har gaban talabijin, in daka mata tsawa ta ja baya. Abin da ya ƙarasa tunzura ni shi ne ranar da yayar maigidana ta zo da ƙorafi, wai ta hango yarinyar a tsallaken titi, ta ɗaga mata hannu, yarinyar ta kalle ta ƙiri-ƙiri ta wuce ba gaisuwa. Kun san nauyin wannan a wurinmu. Yarinya ta rantse ba ta gan ta ba. Na ce ga raini ga ƙarya, na ɗauke ta da mari a gaban gwaggonta. Da aka yi hutu na haɗa mata kaya na tura ta Kusada, na ce ta je ta koyo tarbiyya, in kuma ba ta gyara ba to ta zauna can, makarantar ma a haƙura.

Kwana uku da tafiyarta, ina tsakiyar awo, ƙanena ya kira ni. Ya ce, "Inna ta ce a hwaɗa maki ɗiyar nan ba ta gani da nisa. Ta ce a kai ta a duba mata ido, kuma kar a sake dukanta."

Na yi tsaye da jaririn mutane a hannu. A bangon da ke gabana akwai allon gwajin ido, mai manyan haruffa a sama da ƙanana a ƙasa. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa.

Da na tashi daga aiki na hau mashin ɗin kabu-kabu zuwa Kusada. Iya ta daɗe da rasuwa, Inna kuma ta tsufa, amma ba ta bar gyaɗa ba. Ƙanena ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Tun daren farko Inna ta lura jikarta ba ta gane mai shigowa sai ya yi magana, kuma in za ta kalli nesa sai ta ƙanƙance ido. Washegari Inna ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga ludayi, ta ce, "Ƙawata, mi ke hannuna?" Yarinya ta ce wuƙa ce. Shi ke nan gwajin da aka yi.

Muka kai ta Katsina, likita ya tabbatar, aka yanka mata tabarau. A mota muna dawowa na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce a hankali, "Mama, na gaya miki tun muna aji biyu cewa ba na ganin allo. Kika ce in daina zama a baya cikin 'yan surutu." Na tuna ranar sarai. Ina yanka albasa, waya na maƙale a kafaɗata. Na ce mata ta yafe mini marin da na yi mata, kalmar ta fito da ƙyar kamar ana zare mini haƙori. Ta ce ba komai, ta juya tana karanta rubutun bayan motocin da ke wuce mu, ɗaya bayan ɗaya.

Mako na zagayowa muka koma Kusada don Inna ta ga tabarau. Na tafi da niyyar in nemi gafarar maganar da na faɗa ina aji biyar, na ma tsara yadda zan fara. Na durƙusa gefenta na ce, "Inna, akwai maganar da na taɓa yi..." Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta juya wajen jikarta tana tsokanarta, wai ta zama malamar makaranta. Sannan, idonta na kan faifan gyaɗa, ta ce, "Ce ma uwarki ta riƙa aza ƙahwa bisa matashi in ta dawo aiki. Ta kumbura."

Na sunkuya na duba. Ƙafafuna sun kumbura har igiyar takalmi ta yi musu shata, kuma wallahi ban sani ba.

Yanzu alkunyar ɗan fari ta kusa ɓacewa, ko a Kusada 'yan matan da ke haihuwa suna kiran sunan 'ya'yansu kai tsaye. Ba na cewa a dawo da ita, don na san zafin da na ji. Amma na daina yi wa iyaye mata faɗa da ɗaga murya a wurin awo. In na dawo gida kuma ina ajiye waya a ɗaki, in zauna a tsakar gida ina kallon yaran nan suna harkarsu, ba tare da na kira kowa ba. Abin na yi mini wuya, bakina ya saba da aike. Ina da shekara kusan arba'in, da takardar shaida da farar riga, yanzu nake koyon abin da Inna ta yi mini duk ƙuruciyata da gefen ido, hannunta cikin mai, ni kuwa na tsaya a gaban mutane na ce ba ni da uwa.